Gyaran Gida Ya Tsaya, Hadari Na Haɗowa: In Sayar Da Sarƙata?

Assalamu alaikum Gwaggo, ya zafi? Ni matar aure ce a Kano, shekarata 13 a ɗakin miji, yarana huɗu, kuma muna zaune da mahaifiyar maigidana. Gidan gado ne da ba a raba ba, tsohon gini, rabi ƙasa rabi bulo. Bayan ƙaramar Sallah maigida ya karɓi rance a wurin aiki ya ce zai gyara mana gida. Na yi murna, don madafarmu ta daɗe tana yoyo. Aka rushe madafar, aka yaye kwanon ɗakin Hajiya, aka ɗora bulo har ya kai linta. Ya sayo tayil kwali-kwali da fenti da wata ƙofar ƙarfe mai tsada, ga su nan jibge a falo. Daga nan kuɗi suka ƙare. Birkilan ya karɓi kusan duka kuɗin aikinsa, yau mako biyar ba mu sa shi a ido ba.

Yanzu a tsakar gida nake girki, cikin rana da ƙurar siminti. Hajiya ta koma ɗakin yara suna kwana a takure. Ba ta cewa komai, amma na san ranta ba daɗi. Da can kullum bayan magariba tare muke cin tuwo a tsakar gida, yanzu inda muke shimfiɗa tabarmar tulin yashi ne, kowa sai ya ɗauki kwanonsa ya nemi lungu. Maigida ya daina cin abincin dare a gida, a majalisa yake ci, ya shigo bayan mun kwanta. In na ɗauko maganar aikin sai ya ce in bar shi ya ji da abin da ke damunsa. Shekaranjiya ya ce in ara masa kuɗin adashen da zan kwasa ƙarshen wata, in kuma sayar da sarƙar zinaren da mahaifiyata ta bar mini, zai biya ni. Yayata ta ce kada in ba shi ko sisi, in kwashi yara in taho gida sai ya gama. Gwaggo, in bayar ko in hana? In tafi ko in zauna?

Daga uwar yara huɗu, Kano.

Wa alaikumus salam 'yata. Zafi kam lokacinsa ne, sai godiya. Allah Ya ji ƙan mahaifiyarki, Ya kai haske kabarinta.

Bari in amsa tambayoyinki biyu tun daga farko, don ki samu natsuwar karanta sauran. Kada ki tafi. Sarƙa kuma ki mayar da ita ƙasan akwati. Adashe akwai magana a kansa, za mu zo wurin. Sai dai abin da ya hana ni zama da na karanta wasiƙarki shi ne wata magana da kika faɗa kika wuce da sauri: an yaye kwanon ɗakin Hajiya, kuma rabin gidan ginin ƙasa ne.

Ki fita tsakar gida da la'asar ki ɗaga kai ki dubi gabas. Wannan zafin da yake kai wa digiri 40 har ya wuce a watan Afrilu, shi ne mai kiran ruwa. A Kano yayyafin farko yakan iya zuwa a Mayu, damina ta zauna a Yuni, ta yi ƙarfi a Agusta. Kuma kin san ruwan farko ba ya zuwa da sallama. Iska ce take fara isowa daga gabas, ta turnuƙe gari da ƙura, ta ɗauke duk kwanon da ba a ɗaure da kyau ba, sannan ruwa ya biyo baya kamar da bakin ƙwarya. Bangon bulo zai jiƙe ya bushe. Bangon ƙasa da aka buɗe masa kai kuwa, ruwa ta sama yake shigarsa, ya jiƙa shi har ciki, ya yi nauyi, wata rana da tsakar dare ya zauna. Duk shekara muna jin labarin ginin da ya faɗa wa mutane suna barci, kuma yawanci ta haka abin yake farawa. Shi ya sa iyayenmu suke yin yaɓe da gyaran indararo tun da rani, ba sa bari sai sun ji ƙamshin ƙasa.

Ni ma na taɓa cin wannan wuyar, shi ya sa nake magana da zafi. Lokacin muna zaune a Zariya, inda ruwa yake riga na Kano sauka, mun cire rufin ɗaki ɗaya muna cewa kwana uku za a mayar. Kafintan ya tafi biki garinsu. A dare na tara hadari ya taso. Na kwana ina kwashe ruwa da roba daga ɗakin da ke maƙwabtaka da shi, buhun gero biyu suka jiƙe, katifa ta yi wata guda tana warin ruma, bangon tsakani kuma ya tsage tun daga sama har ƙasa. Kuɗin da muka kashe wajen gyaran ɓarnar ya ninka na rufin. Har yau in na ji iskar hadari sai gabana ya faɗi.

Don haka aikin gidanku yanzu guda ɗaya ne, rufi. Katako, kwano, ƙusa, da langa-langar da za a ɗaure katakon a jikin gini don kada iska ta ɗaga shi gaba ɗaya. Katakon a shafe shi da maganin gara ko baƙin mai kafin a ɗora. Bayan rufi sai hanyar ruwa: a kwashe ɓaraguzan da suka toshe kwata, a janye yashin nan gefe, a tabbatar ruwan tsakar gida yana da mafita zuwa waje. In kuɗi ya yi saura, a yi wa bangon gabas filasta ko yaɓe, don shi ne yake shan dukan ruwa. Shi ke nan. Silin, tayil, fenti, wayarin, duk ana iya yin su cikin damina a ƙarƙashin rufi, ana ma iya barinsu sai kaka. Ba wanda ya taɓa kwana a asibiti don madafarsa ba tayil.

Kuma ki lura, wanda kuke buƙata a wannan makon kafinta ne. Tun da gini ya kai linta, abin da ya rage wa birkila kafin rufi kaɗan ne, layi biyu ko uku na bulo, aikin yini ɗaya ga kowane magini. Kun zauna mako biyar kuna jiran mutum ɗaya alhali aikin da ya fi gaggawa ba lallai sai da shi ba.

To kuɗin rufin daga ina? Yana falonki. Tayil ɗin nan da ƙofar ƙarfe da bokitan fenti kuɗi ne a kwance. In a Ƙofar Ruwa ya saye su, ko wurin wani ɗan kasuwa da suka saba, ya koma ya yi masa bayani. Kayan da ba a buɗe kwalinsu ba sau da yawa ana karɓa, ko a rage wani abu, ko a musanya masa da kwano. Bandir ɗaya falle 20 ne. Ya sa kafinta ya auna ɗakin Hajiya da madafar ya faɗa masa bandir nawa za su ci, da katako guda nawa, sannan ya je 'Yan Katako a Na'ibawa ya ji farashi da kunnensa. Ko da an yi asarar wani abu a wajen mayarwa, ta fi asarar bango sauƙi. Fentin ma in ya daɗe a ajiye cikin wannan zafin lalacewa zai yi.

Kada ki yi masa dariya a kan sayen tayil kafin kwano. Yawancinmu haka muke. Mutum in ya tashi gyaran gida, abin da ido zai gani yake fara hangowa: baƙi sun shigo, ƙasa tana sheƙi, ana cewa ma sha Allah. Ba wanda yake mafarkin ƙusa da langa-langa. Ga shi kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 farashin kayan gini ba ya zama wuri ɗaya, sai mutum ya ji tsoron in bai saya yau ba gobe ya fi ƙarfinsa, ya kwashe kuɗin a kan abin da ba a kai gare shi ba. Kuskure ne na lissafi, kuma ina kyautata zaton ya riga ya gane, shi ya sa ba ya son haɗa ido da kwalayen nan, balle da ke.

Birkila kuwa, ba gudu ya yi ba, wani aikin ya kama. Haka sana'ar take a bazara, kowa yana rige-rigen rufe gininsa kafin ruwa, magini yana da wuri uku ko huɗu a hannu, kuma inda ake binsa aiki ya riga ya ci kuɗin shi ne na ƙarshe a lissafinsa. Kiran waya ba ya dawo da irinsu. A nemi wanda ya kawo shi, ko ubangidansa da ya koya masa aiki, a je da mutum ɗaya mai mutunci a same shi a inda yake aiki, a auna abin da ya yi da abin da ya karɓa, a sa rana. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In ya ƙi, akwai mai unguwa. Ban ce a fara da 'yan sanda ba, don daga nan aikin ya mutu, sai shari'a. Nan gaba kuma, ko da wa za a yi, a yi jinga mataki-mataki: kaza in an kai linta, kaza in an rufe, kaza in an yi filasta. A biya shi hakkinsa da zarar ya gama, kafin guminsa ya bushe kamar yadda addini ya koyar, amma kada kafin alƙalami ya cinye kuɗin aikin duka. Kaya kuma maigida ya saya da kansa.

Akwai abu biyu da ke hannunki ke da kike wuni a gidan. In akwai sauran siminti, kada a bar buhunan a ƙasa. A ɗora su kan katako, nesa da bango, a rufe da leda, don da ya sha danshi zai dunƙule ya zama dutse, buhu mai kilo 50 ya tashi a banza. Sannan duk sabon gini ko filastar da za a yi, a riƙa ba shi ruwa safe da yamma na aƙalla kwana 7. Siminti da ruwa yake ƙarfi, kuma yana kai wa kwana 28 kafin ya gama kamawa. A wannan zafin in aka bar shi ya bushe da wuri, sai ki ga filasta tana tsattsagewa tana zuba kamar gari. Na san ruwa ya yi tsada, rijiyoyi sun ja baya, 'yan garuwa sun ƙara kuɗin jarka. Duk da haka a sa kuɗin ruwan cikin lissafin gini tun farko. In kuma tsohon silin ɗin da aka cire irin na asbestos ne, kada yara su yi wasa da gutsattsarinsa, kada a farfasa shi ko a share ƙurarsa a bushe. A yayyafa ruwa, a kwashe a fitar, ƙurarsa tana illa ga huhu.

Yanzu maganar kuɗinki. Muhalli a wuyan miji yake, dukiyar mace kuma tata ce, ba mai ikon taɓawa sai da yardarta. Wannan ba gardama a kai, kuma roƙonki ya yi, bai ƙwata ba, a yaba masa a kan wannan. Amma ki sake karanta abin da kika rubuta da hannunki: gidan gado ne da ba a raba ba. Duk bulon da aka ɗora a gidan nan, ranar rabo, da 'yan'uwansa za a zauna a kai. In kika sayar da sarƙar mahaifiyarki ta koma tayil, kin ɗauki gadonki kin zuba cikin gadon wasu. Ba mugun zato nake wa dangin mijinki ba, wataƙila mutanen kirki ne. Sai dai ranar rabon gado ba a tambayar wa ya sayi ƙofa, sai in an rubuta. Ga shi zinare in za ki sayar, nauyinsa kawai za a auna, kuɗin ƙira ya tafi, kuma da wuya ki sake mayar da irinta da kuɗin da aka ba ki. Irin wannan kadara ana ajiye ta ne don ranar da rai yake kan gargara, ranar asibiti, ranar da ba wata ƙofa. Madafa ba ta kai nan ba.

Adashe daban ne. In bayan an mayar da tayil da ƙofa kuɗin rufi bai cika ba, ni a ganina ki cika. Ke da 'ya'yanki ne a ƙarƙashin rufin nan, kuma tsohuwa ce take kwana a takure. Amma da sharaɗi uku. Na farko, rabi za ki bayar, ko abin da ya rage a cike, ki riƙe sauran, don Babbar Sallah tana tafe kuma damina ba ta rabuwa da zazzaɓin yara. Na biyu, kuɗin rufi ne kawai. Ki ce, "Abban yara, ni zan ɗauki kuɗin kwano," a kawo rasit. Na uku, a rubuta cewa rance ne, da ranar biya, ko da kaɗan-kaɗan ne daga albashi. In ya ɓata fuska ya ce ba ki yarda da shi ba, ki tuna masa da murmushi cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ba a ce ban da mata da miji ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Kuma shi ma ya kamata ya zauna da 'yan'uwansa. Ɗakin mahaifiyarsu ne a buɗe. Ko ba su da hannu a madafarki, suna da hannu a wannan. Da yawa maza sukan ji nauyin faɗa wa ƙannensu cewa abu ya fi ƙarfinsu, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wannan shawarar kada ta fito daga bakinki kai tsaye zuwa gare su. Ki sa masa ita a kunne, shi ya kai.

Yadda za ki ɗauko maganar yana da muhimmanci, don na lura duk lokacin da kika taɓo aikin, abin da yake ji shi ne "ka gaza". Mutumin da ya ci bashi don ya faranta wa uwarsa da matarsa, ya wayi gari uwar tana kwana a ɗakin jikoki, matar tana girki a rana, ba ya buƙatar a nuna masa. Yana gani. Majalisar nan da yake fakewa a cikinta, kunya ce take kai shi. Ban wanke shi ba, barin ki da yara da tsohuwa cikin kango ya tafi hira ba daidai ba ne, kuma akwai ranar da za ki faɗa masa haka. Amma ba wannan makon ba. Wannan makon ki same shi da safe bayan ya karya, ba a gaban Hajiya ba, ba a gaban yara ba. Kada ki fara da "yaushe za a gama". Ki ce kin ga hadari jiya kin tsorata saboda bangon ɗakin Hajiya, kina ganin da a bar komai a rufe shi tukuna, ke kin haƙura da tayil sai bayan damina. Wannan kalmar ta "na haƙura" ita ce za ta sauke masa kaya, don ina zaton rabin abin da ya hana shi mayar da tayil ɗin tsoron abin da za ki ce ne.

Sai girki. Ba za ki ci gaba da tsayuwa a rana ba, ko gini ya ƙare ko bai ƙare ba. Tsohon kwanon da aka yaye yana nan, ko ba haka ba? A kafa sanduna huɗu a jikin bangon da ya fi samun inuwa, a ɗora falle huɗu ko biyar, a danne su da ƙusa sosai, a kare gefen iska da zana ko buhu. Aikin awa biyu ne, yaran unguwa ma za su iya. Kakanninmu a irin wannan rumfar suka ciyar da gidan mutum talatin. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ki ja murhun gawayi cikin ɗaki don gudun rana ko ƙura. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana sa ciwon kai da jiri, tana kashe mutane a rufaffen ɗaki. Tukunyar gas kuma kada ta wuni a rana, kada ta zauna kusa da murhu.

Ki sauya lokaci. Girki mai nauyi a yi shi da sassafe kafin rana ta ɗaga, ko bayan la'asar. Da rana a nemi mai sauƙi: fura da nono, kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli, ɗanwake, garau-garau, dambu in an turara tun da safe, ga mangwaro da kankana sun cika gari. Ba lokacin tuƙa tuwo sau biyu ba ne. Tumatir ɗanye yanzu zai fara tsada tunda na noman rani yana ƙarewa, to miyar kuka da busasshiyar kuɓewa da kauɗa ba su san wannan ba, ga saurin dahuwa, ga ƙarancin itace. Ki riƙa jiƙa tsamiya ko zoɓo da safe, randa kuma kullum a cike a rufe, Hajiya da ƙananan yara a riƙa tuna musu shan ruwa, don tsofaffi ba su cika jin ƙishi ba har sai jiki ya galabaita. Ki dafa daidai ci. A wannan zafin miya tana iya juyawa tsakanin azahar da magariba, shinkafa ma haka, wutar da za a dogara da firji kuwa kin fi ni sani. Abin da ya kwana, a tafasa shi sosai har ya yi tururi kafin a ba yara, ɗumi-ɗumi ba ya kashe komai. Kowace tukunya da murfinta saboda ƙurar siminti. Yara kuma ba mai yawo ba takalmi, tsohuwar ƙusa tana ko'ina. Wanda ya taka, a wanke a kai shi asibiti a ranar, kada a tsaya shafa man zafi.

Wani abu kuma, mutum biyar ko shida a ɗaki ɗaya cikin bazara ba ƙaramin abu ba ne, lokacin sanƙarau ne da ƙyanda. A buɗe tagogi, manyan yaran su koma falo, ko a kwana a waje cikin gidan sauro kafin ruwa ya sauka. In aka fitar da kwalayen tayil, ai falon ya samu fili. Duk wanda ya yi zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Na bar maganar tabarma sai yanzu don ita ce ta fi taɓa ni. Kin ce da can tare kuke cin tuwo bayan magariba, yanzu kowa ya nemi lungu. Gidaje da yawa ba su da wannan al'adar tun asali, maigida a zaure yake ci ko a ƙofar gida da maƙwabta, mata da yara a ciki. Ku kuna da ita, kuma kun bar tulin yashi ya ƙwace muku. 'Yata, yashi shebur yake ji. Ki sa babban ɗanki da abokansa su tura shi jikin bango, a share wurin, a yayyafa ruwa ƙasa ta yi sanyi, a shimfiɗa tabarma. In ba a samu tsohon wurin ba, a samu wani, ko da bakin ƙofar falo ne. Kada ki ce sai an gama gyara za a koma cin abinci tare. Gyaran gida a ƙasar nan yana iya shekara, kuma yaro in ya saba ɗaukar kwanonsa ya koma gefe da waya a hannu, dawo da shi sai an sha fama. Ya zo a hadisi cewa wasu sahabbai sun yi kukan suna ci ba sa ƙoshi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wataƙila a rarrabe suke ci, ya umarce su su haɗu a kan abincinsu su ambaci sunan Allah, za a sa musu albarka. Ko ta fuskar aljihu ma, tire ɗaya ya fi kwano bakwai auki.

Maigida kuma ba ke za ki kira shi tabarmar ba. Hajiya ce. Ki same ta da rana ki zauna kusa da ita, ki ba ta haƙuri a kan takurar da take ciki, ko da ba ke kika jawo ba. Ki tambaye ta abin da take marmari, ki dafa shi. Shirun da take yi, ina jin ba da ke take ba. Tana ganin ɗanta a cikin matsi, ba ta son ta ƙara masa, kuma ba ta san ko ke kina ganin ita ce ta tare muku wuri ba. Ki cire mata wannan. Sannan ki ce, "Hajiya, yaran nan suna kewar cin abinci da babansu, ko za ki yi masa magana?" Namijin da zai iya ce wa matarsa ta bar shi ya ji da abin da ke damunsa, ba zai iya faɗa wa mahaifiyarsa haka ba. In ya zo ya zauna, a ci abinci kawai. Ba maganar birkila, ba maganar bashi a kan tire. Wannan dokar ke za ki fara kiyaye ta, ko da maganar tana cin ki.

Yayarki ƙaunarki ce ta sa ta faɗi abin da ta faɗa, ki gode mata, kuma a kan sarƙa ta yi gaskiya. A kan tafiya ne muka rabu. In kika kwashi yara kika tafi cikin fushi, sunansa yaji ko me kika kira shi, sai an yi biko, sai manya sun shiga, maganar kwano ta koma maganar aure. Kin bar tsohuwa ita kaɗai a kango ba mai dafa mata, wannan kuma dangin miji ba sa mantawa. Ginin ma ba zai yi sauri don ba kya nan ba, sai ma ya ƙara kwanciya, tunda mai ba shi ruwa da mai sa ido a kan siminti ta tafi. Akwai tafiyar da na yarda da ita: ranar da kafinta zai hau sama, ko ranar da za a fasa wani bango, ki kai ƙananan yaran da Hajiya gidan Yaya su wuni, ko su kwana biyu, da sanin maigida da yardarsa. Haka kuma in ruwa ya sauka kafin a rufe, kika ga bangon ƙasar nan ya jiƙe ko ya fara tsagewa, kada kowa ya kwana kusa da shi, ko da za a kwana a gidan maƙwabta. A wannan ba sai kin jira izinin kowa ba.

In kin yi duk wannan, ya ƙi mayar da tayil, ya ƙi kiran kafinta, ya nace sai sarƙa, to ki riƙe adashenki ma, ki sa a kira babban wansa ko kawunsa a zauna. Ki sake rubuto mini a lokacin.

Yau dai ki fara da abin da ba ya cin ko kwabo. A nemo shebur a ture yashin nan kafin la'asar, a ɗora simintin kan katako, ki tambayi Hajiya ko miyar kuka take so ko ta kuɓewa. Ki gaishe mini da ita.

Gwaggonku.